'Yar Tsoho Takwas ta Biyu

Mutum ashirin da uku suka sauko daga jirgin saman Hanoi ranar Talata da hantsi, dukansu 'yan Nam Dinh da ke arewacin ƙasar, yawancinsu tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka ajiye aiki. Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin jarida a nan kudu, a Can Tho, kafin a rage ma'aikata. Shekara shida ke nan ina ɗaga tutar kamfanin yawon buɗe ido, baƙi suna bin bayana. A duka biyun abu ɗaya ake koya: in ka ga taro, nemi wanda ba ya yin abin da sauran suke yi.

Thoa ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba. Siririya ce, za ta yi shekara arba'in da biyar, tana sanye da baƙin takalmi na zuwa ofis wanda bai dace da ƙasar ruwa ba. A gidan da ake dafa alewar kwakwa, sauran suna layin ɗanɗano, ita tana bayan gida wurin tsohon da yake fasa kwakwar. Washegari a lambu, masu kiɗa suna tsakiyar waƙa ta tashi ta bi wata tsohuwa har madafa. Duk inda ta ga furfura sai ta buɗe wani ƙaramin littafi. In wayarta ta yi ƙara, sai ta tsaya tana kallonta kafin ta ɗauka.

Ranar Laraba da rana aka kawo kifi dafaffe a tukunyar ƙasa, 'yan arewa suka soma ƙorafin da suka saba.

"Jagora," in ji wani tsoho mai hular soja, "wannan kifi ne, ko alewar jiya ce ta biyo mu?"

"Kawu, mu nan ko magani sai mun zuba masa sukari. Ku da kuke shan gishiri da cokali, wa ya ce muku komai?"

Aka yi dariya. Thoa ba ta taɓa kwanonta ba. Na ja kujera na zauna kusa da ita.

"Ƙanwa, ba yawo ya kawo ki ba."

"Ban taɓa wuce Hanoi ba, Yaya Shida," ta ce. "Ban san yadda ake zuwa nan ba sai ta wannan hanyar."

Shida ake kirana. A kudu ba kasafai ake kiran mutum da sunan da ke kan takardarsa ba. Lambarsa a cikin 'ya'yan gidansu ita ce sunansa har ya mutu.

Ga abin da ta gaya min, a taƙaice. Mahaifinta Canh yana kwance a gida a Nam Dinh. Huhunsa ya gama aiki, asibiti sun sallame shi, sun ce saura kwanaki. A shekarar 1972, ana tsakiyar yaƙin arewa da kudu, shi da ƙaninsa Khue suna runduna ɗaya a wajen Phong Dien, tafiyar awa guda daga inda muke zaune. Aka harbi Khue, harsashi ya fasa masa ciki. Canh ya goya shi har gidan wani mai sassaƙa jirgi da ake kira Tsoho Takwas. Tsohon ya ce shi bai ga kowa ba, bai ji komai ba, ya shige ɗaki. Wata 'yarsa ce ta fito, ta kwantar da Khue a kwalekwale, ta rufe shi da ganyen ayaba, ta ce za ta ɓoye shi inda ko mutanen gidan ba za su sani ba. Canh ya ce mata zai dawo nan da sati ɗaya. Washegari rundunarsu ta tashi. Da yaƙi ya ƙare ya koma arewa, ya gaya wa mahaifiyarsu cewa Khue ya mutu nan take a hannunsa, kuma bom ya share wurin. A kan wannan magana aka gina wa Khue kabari babu gawa a maƙabartar ƙauyensu. Kwana tara kafin zuwan Thoa, Canh ya kira ta bakin gado ya faɗa mata gaskiya.

"Ya ce ba zai iya haɗa ido da kakata a lahira ba, bai san inda ya yar mata da ɗa ba. Ya daina cin abinci. Ya ce in nemo ƙasusuwan Kawu Khue a binne su tare."

"Wa kike nema yanzu?"

Ta buɗe littafin. Layi uku ne kawai: Tsoho Takwas mai jirgi. Phong Dien. Biyu.

"Biyu nake nema, 'yar Tsoho Takwas. Ita kaɗai ta san wurin."

Da ina jarida, edita ba ya karɓar labari sai ka kawo masa ainihin kalmar da mutum ya furta. Ban tambaye ta ainihin kalmar mahaifinta ba. Na karanta Biyu, na ce to.

Ranar Alhamis na bar wa abokiyar aikina tuta da baƙi. Ƙarfe biyar da rabi na safe ni da Thoa muna cikin jirgin Kawu Bakwai, wanda ya yi shekara arba'in yana kai mutane kasuwar kan ruwa ta Cai Rang, kuma ya san kakan kowa.

"Tsoho Takwas?" ya ce, yana jan igiyar inji. "Jirgin mahaifina shi ya sassaƙa. Ya mutu tun kafin ki fara rubuta ƙarya a jarida, Shida. Amma akwai 'yarsa ɗaya a kasuwa, Uku mai taliya. In ba ta zage ka ba, ba ka sha romonta ba."

Kasuwa ta cika. Muka ratsa tsakanin manyan jiragen kankana da na abarba, kowanne da samfurin kayansa a rataye a saman gora. Jirgin Goggo Uku ƙarami ne, tukunya tana tururi a tsakiya. Ita kuwa ta doshi saba'in, guntuwa, malafa ta rufe mata rabin fuska. Kawu Bakwai ya jefa igiya ya haɗa jiragen biyu.

"Uku, na kawo miki baƙi. Kwano uku, nawa da ƙashi."

"Ƙashi? Da wane haƙorin? Matsa can, kana kare min masu saye."

Thoa ba ta jira kwano ba. Ta haɗa hannu biyu a ƙirji ta sunkuya.

"Ina kwana, Goggo. Daga Nam Dinh nake. Ina neman Goggo Biyu, 'yar Tsoho Takwas."

Ludayin ya tsaya a saman tukunya. Na ga wannan. Na ɗauka harshen arewa ne bai shiga kunnenta ba, har na maimaita mata da namu. Thoa kuwa ta kwararo labarin gaba ɗaya, da shekarar, da sunan Khue, da ganyen ayaba, da sati ɗaya. Tsohuwar tana saurare tana aiki. Ta tsoma taliyar shinkafa a ruwan zafi, ta zuba romo, ta barbaɗa soyayyiyar tafarnuwa da busasshen jatan lande, ta miƙo kwano.

"Yaya Biyu ta rasu," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya ke nan."

Thoa ta karɓi kwanon da hannu biyu. Romo ya zubo mata a gwiwa, ba ta motsa ba.

"Ba ta bar wata magana ba? Ba ta taɓa faɗa miki komai ba? Goggo, kina gidan a lokacin. Soja ne, ɗan arewa, shekararsa goma sha tara."

"'Yar nan, a shekarun nan duk wanda ya shigo gidanmu da bindiga ya shigo. Waɗannan da rana, waɗancan in rana ta faɗi. Ci taliyarki kafin ta kumbura."

"A ina aka binne ta? Ko turare in kunna mata."

Wannan roƙo ne da ba a hanawa. Tsohuwar ta daɗe tana goge bakin tukunya da tsumma.

"Tana lambunmu. Bakwai ya san rafin. Ku shiga ku fita kafin ruwa ya janye."

Ƙarfe bakwai da rabi muka shiga rafin, kainuwa tana kama farfelar inji. Gidan a rufe yake. A ƙarshen lambu, a ƙarƙashin wani tsohon mangwaro, akwai kabari huɗu: na Tsoho Takwas, na matarsa, na Biyu da hotonta a jikin dutse, sai wani ƙarami a gefe, siminti kawai, babu suna babu hoto. Thoa ta kunna turaren tsinke, ta durƙusa gaban hoton Biyu. Ba ta yi kuka ba. Magana ta yi, a hankali, kamar a ofis.

"Goggo, ni 'yar wan mutumin nan ce. Na makara, na sani. Ki nuna min ko ta yaya. Ba ni da wani wurin tambaya."

Kamar yadda kowa yake yi, ta bi sauran kaburburan ta soka musu tsinke ɗai-ɗai, don kada maƙwabta su ga ana ba wani su ba a ba su ba. Na lura gwangwanin yashi na soka turare da ke gaban ƙaramin kabarin ya fi na sauran cika da guntayen tsinke, kuma babu ganye ko ɗaya a kansa. Na ɗauka na jariri ne. Wannan ma ban tambaya ba.

Kawu Bakwai ya fara kira daga bakin rafi, ruwa yana sauka. Daga ƙarfe takwas da rabi zuwa sha ɗaya muka bi babban kogi gida gida. Mun tsaya wuri bakwai. Wani tsoho ya tuna Biyu sarai, ya ce ta iya gasa waina. Wata ta ce lokacin yaƙi ita tana Saigon. Wani kurma ne, ya ɗauka mangwaro muka zo saye. A kowane gida Thoa tana maimaita labarin, yana ƙara gajarta, har ya koma: soja, ciki, ganyen ayaba. A gida na bakwai ta kama hannun wata tsohuwa ta ƙi saki, sai da na ɓamɓare yatsunta.

Sha ɗaya da kwata ƙaninta ya kira daga Nam Dinh. Muna wata rumfar shinkafa a bakin kogi, ina jin muryarsa daga inda nake zaune. Ya ce tun safe ko ruwa ba ya wuce maƙogwaron mahaifinsu. Ya ce mai jinya ta ce in akwai wanda za a kira a kira shi. Ya ce akwai jirgin sama na ƙarfe biyu da minti ashirin, ya kama mata wuri.

"Baba yana tambaya. Me zan ce masa?"

"Ka ce ina hanya."

"Ba wannan yake tambaya ba, Yaya."

Ta kashe wayar. Aka kawo shinkafa da miyar kifi mai tsami. Kawu Bakwai ya tura mata kwano, ya ce ba a hawa jirgin sama da ciki wayam. Ta ɗauki tsinkayen cin abinci ta riƙe. Daga nan zuwa filin jirgi minti arba'in ne, muna da lokaci. Ina jin don kada ta fashe da kuka a gaban mutane ta nemi wata magana.

"Yaya Shida, gidanku kuna da yawa. Mu biyu ne kawai. Da ina da yayye biyar kamar ke, da wani ya zauna da Baba, wani ya zo nan."

"Huɗu ne. Ni ce ta biyar."

"To me ya sa ake ce miki Shida?"

"Ai mu nan daga biyu muke fara ƙirga. Ba a kiran kowa Ɗaya. Ɗan fari shi ne Biyu, mai bi masa..."

Ban ƙarasa ba. Kawu Bakwai ya ajiye cokalinsa.

"Ƙanwa," na ce, "me mahaifinki ya ce? Ba abin da kika rubuta ba. Abin da ya fito daga bakinsa."

"Ya ce akwai babba, tana da goyo. Ya ce ba ita ba, mai bi mata. 'Yarsa ta biyu." Ta dube ni. "Mu a wurinmu akwai Babba, sai Biyu. Na taɓa ji a talabijin ku ba haka kuke yi ba. Ban kawo a raina ba."

"Sama da ƙasa!" in ji Kawu Bakwai. "Uku! Tsohuwar banza, tana kallon idona ta zuba min romo!"

Na tuna ludayin da ya tsaya, na tuna gwangwanin yashi. Agogo ya ce sha biyu saura ashirin. Kasuwa ta watse tun tara. Na faɗa wa Thoa lissafin yadda yake, don ba ni da ikon ɓoye mata: in muka koma lambu jirgin ƙarfe biyu ya wuce ta, na gaba sai shida saura kwata, ba za ta shiga gida ba sai wajen goma. Kuma tsohuwar da ta yi shiru da safe tana iya yin shiru da rana.

Thoa ta kalli wayar da ke kan tebur.

"In na koma yanzu zai tambaye ni da ido," ta ce. "Mu je."

Rafin ya zama laka, kwalekwale ma ba zai shiga ba. Kawu Bakwai ya sauke mu a wata mashiga, muka hau babur biyu na haya har inda hanyar siminti ta ƙare. Daga nan tafiyar ƙasa ce ta cikin lambunan mutane, sai gada. Gadar gora ɗaya ce tal a kan ƙafafu, da wata siririya a sama ta riƙewa. Mu muna wuce irinta da kwandon ƙwai a hannu. Thoa ba ta taɓa taka irinta ba. Ta cire baƙin takalmin ta yar a nan, ta hau. Ta ci kashi biyu cikin uku, gorar ta juya. Ta faɗa laka har ƙugu. Hannunta na dama yana sama, wayar tana ciki, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ba ta jira in miƙa mata sanda ba, ta ja jiki ta fita ta wancan gefen da gwiwa da hannu ɗaya.

Ƙarfe ɗaya da minti goma muka isa. Goggo Uku tana zaune a kan guntun kujera kusa da ƙaramin kabarin, ta cire malafa. Tsinken da Thoa ta soka da safe ya cinye, saura jan gindinsa.

"Shida, ke 'yar nan ƙasar ce," ta ce. "Na ɗauka tun a kan ruwa za ki gane. Ashe karatun jarida bai kai ƙirga ba."

Thoa ta durƙusa a gabanta, laka tana ɗiga.

"Goggo, me ya sa?"

"Biyu kika tambaya, Biyu na ba ki. Ƙarya na yi?"

"Shi ne wannan?"

"Kin riga kin gaishe shi da safe. Na ga tsinken. Ko ba komai an yi miki tarbiyya."

Thoa ta ɗora tafin hannu a kan simintin.

"Tone shi kika zo yi," in ji tsohuwar. "Na san ku. Ku zo da akwati da tuta, a yi jawabi, a ɗauke shi a mota. Ni da hannun nan na haƙa ramin, shekarata goma sha bakwai, da guntun fartanya, ba wanda ya kama min. Mijina shekara talatin yana kishi da siminti har ya mutu. Ina kuke duk lokacin nan?"

"Ba mu sani ba, Goggo."

"Wani ya sani."

"Shi ne yake mutuwa. Yau ko gobe. Goggo, ki gaya masa da bakinki, ko kalma ɗaya."

Ba ta jira amsa ba. Ta kira ƙaninta ta bidiyo, ta ce ya kai wayar fuskar Baba. Na matsa na gani: kai a kan matashi, ƙashi da fata, baki a buɗe. Thoa ta miƙa wa tsohuwar wayar. Ta ƙi karɓa, amma ta karkato da kai ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Yaya Canh," ta ce. "Satin nan naka ya yi tsawo."

Numfashi kawai ake ji. Sannan murya, kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Ya... daɗe?"

"Kwana goma sha ɗaya. A cikin kwalekwale, a ƙarƙashin ganyen bakin rafi. Kunun shinkafa nake kai masa, kullum sai ya ce na cika sukari. Ciki a fashe, amma baki bai mutu ba."

"Ya... kira ni?"

"Kwana bakwai yana ƙirgawa. Na takwas ya ce ƙila an tare muku hanya. Bai zage ka ba, in abin da kake son ji ke nan. Ni ce na zage ka." Ta juya ga Thoa. "Wace rana kuke dafa masa abincin tunawa da ranar mutuwarsa?"

"Tara ga wata na huɗu, a lissafin wata."

"Wannan ranar da aka ajiye min shi ce. Ashirin ga wata ya tafi, da hantsi, ruwa yana cikowa. Shekara hamsin da ɗaya kuna jera tire ranar da ba ya zuwa. A nan yake ci. Kifi nake dafa masa babu sukari, ni kaina ba na iya kai shi baki."

Ƙanin Thoa yana kuka a wancan gefen, hoton yana rawa. Muryar ta sake fitowa.

"Ki bar shi... ya zo gida."

"A'a."

"Goggo!" in ji Thoa. Ta kama ƙafafunta. "Goggo, ki dube shi!"

"Na dube shi. Ina raye ba a sa wa wurin nan fartanya. In na mutu ku zo ku ɗauka, zan gaya wa ɗana. Ba za ku daɗe kuna jira ba."

Na duba agogo, ɗaya da minti talatin da biyar. Idon tsohon a rufe yake. Leɓensa ya motsa, ƙanin Thoa ya kai kunne, ya ɗago.

"Ya ce ashirin ga wata. Ya ce a rubuta." Ya sake kai kunne. "Ya ce a bar shi a inda ake ba shi abinci. Ya ce Yaya ta taho da ƙasa."

Goggo Uku ta tashi, gwiwoyinta suna ƙara. Ta shiga madafa ta fito da wuƙa da kwalbar yaji da ta wanke. Ita ta tsuguna ta kankaro ƙasa daga gindin simintin, ta wajen kai, ta cika kwalbar, ta ɗaure bakinta da leda. Ta ba Thoa wandonta baƙi da silifas, ta nuna mata randa.

"Wanke jikinki. Ba za ki hau jirgin mutane kamar ƙaguwa ba. Kin ci taliyar nan da safe kuwa?"

"A'a, Goggo."

"Na sani. Duk halinku ɗaya."

Na kai Thoa filin jirgi ƙarfe huɗu. A wurin bincike ma'aikacin ya ɗaga kwalbar ya tambayi mene ne. Ta ce kawunta ne. Ya dube ta, ya mayar mata da hannu biyu.

Jirgin ya tashi shida saura kwata. Canh ya rasu ƙarfe bakwai da minti biyar, tana sama. Da ta bi na ƙarfe biyu da ta same shi da rai, da kamar rabin awa. Ita ta yi wannan lissafin, ta turo min a saƙo washegari, babu ƙarin kalma. An sa rabin ƙasar a akwatin gawarsa, rabi a kabarin da babu kowa.

Bana ranar ashirin ga wata na huɗu tire biyu aka jera wa Khue, ɗaya a Nam Dinh, ɗaya a Phong Dien. Na je kasuwa da baƙi 'yan kwanaki kafin nan, na gaya wa Goggo Uku cewa yanzu tana da abokan gasa. Ta miƙo min kwano ba ta ɗago ba.

"Su dafa," ta ce. "Hanyar nan ya sani."